Farfesan Latin da ya faɗi jarrabawa: rayuwa da aikin A. E. Housman

A shekarar 1881 Jami'ar Oxford ta fitar da sakamakon jarrabawar ƙarshe ta ɗaliban Latin da Girkanci da falsafa, aka duba sama aka duba ƙasa, babu sunan Alfred Edward Housman. Faɗuwa ya yi warwas, alhali shekara 2 kafin nan yana cikin waɗanda suka fita da daraja ta ɗaya a jarrabawar tsakiya. Wannan dai da aka kayar shi aka naɗa farfesan Latin a Landan a 1892, a 1911 kuma Cambridge ta ba shi kujerar Latin ɗinta, ya zauna a kanta har ya mutu a 1936. A tsakanin nan ya fitar da ɗan ƙaramin littafin waƙoƙi, A Shropshire Lad, wanda samarin Ingila suka riƙa sa wa a aljihu suna tafiya da shi fagen yaƙi.

Duk wanda ya karanta adabin Turanci a Gadau ko Azare ko Kangere, da wuya bai ci karo da waƙarsa ko ɗaya ba, galibi wadda ta yi magana kan ɗan tseren da ya mutu da ƙuruciyarsa, ko wadda mamaci ke tambayar amininsa labarin gonarsa da budurwarsa. Abin da aka fi ba ɗalibi game da mawaƙin bai wuce layi 3 ba: an haife shi, ya mutu, jigonsa mutuwa da gushewar ƙuruciya. Sunan da ake tsallakewa shi ne Moses Jackson, namijin da Housman ya so tun yana saurayi har ya tsufa, so irin wanda namiji ke yi wa mace. A ganina, idan aka cire wannan suna, ba waƙoƙin kaɗai ke zama a dunƙule ba, har farfesancin ma ba ya fahimtuwa.

An haife shi ranar 26 ga Maris, 1859, a wani ƙauye a yankin Worcestershire, shi ne babba cikin 'ya'ya 7. Ubansa lauya ne da kuɗi ba sa zama a hannunsa. Mahaifiyarsa ta rasu a 1871, daidai ranar da ya cika shekara 12, daga nan kuma imaninsa da addinin gidansu ya fara lalacewa, har daga baya ya bar shi ɗungurum. Ya shiga Oxford a 1877 da tallafin karatu. Can ya haɗu da Jackson, ɗalibin kimiyya, ƙaƙƙarfa, ɗan tseren kwale-kwale, mutumin da waƙa da Latin ba su dame shi ba ko kaɗan. Housman da kansa ya rubuta wa wani mai bincike a 1933 cewa Oxford ba ta yi masa wani tasiri ba, illa dai can ya gamu da babban amininsa.

Masu tarihin rayuwarsa sun kawo dalilai 3 na faɗuwar 1881. Na farko, girman kai na karatu: manhajar ta ƙunshi falsafa da tarihi, shi kuwa ya raina su, ya tare a gyaran matanin wani tsohon mawaƙin Rum mai suna Propertius, wanda ba shi za a tambaya ba. Na biyu, labarin rashin lafiyar ubansa da karayar arzikin gida ya iske shi dab da jarrabawa. Na uku, Jackson. Ni na fi karkata ga na farkon a matsayin tushe, don mun sha ganin irinsa: yaro mai kaifin kai ya zaɓi abin da yake so ya karanta, ya watsar da saura. Sauran biyun kuwa su suka hana shi yin ɗan ƙoƙarin minti na ƙarshe da ke ceton irin waɗannan ɗalibai. Abin da ya biyo baya shi ya fi nuna inda zuciyarsa take. Jackson ya fita da daraja ta ɗaya ya sami aiki a ofishin gwamnati mai rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a Landan. Housman ya koma ya karɓi digirin talaka marar daraja, ya zauna jarrabawar aikin gwamnati, a 1882 ya shiga wannan ofishin a matsayin akawu mai duba tambarin kayan kasuwa, ya kama gida ɗaya da Jackson da ƙanensa Adalbert.

Zaman ya ƙare a 1885, Housman ya tattara ya koma shi kaɗai. Jackson mutum ne mai son mata, abota yake so, bai wuce nan ba. A 1887 ya tafi Karachi, wadda a lokacin take cikin Indiya ta Turawan mulki, ya zama shugaban wata kwaleji. Ya dawo a 1889 ya yi aure ya koma, ba a gayyaci Housman ba, sai daga baya ya ji. Littafin da Housman yake rubuta abubuwan yau da kullum a waɗannan shekaru ya tsira, kuma kusan babu komai a ciki sai zafin rana da sanyinta, da furannin da suka fito, da tashoshin da jirgin ruwan Jackson ya tsaya a hanyarsa. Maganar auren layi ɗaya ce tak.

Shekara 10 ya yi a akawunci. Da rana tambarin kaya, da yamma ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya. Daga can ya riƙa aika maƙaloli kan mawaƙan Rum irin su Horace da Propertius da Ovid, da kuma mawaƙan Girka, zuwa mujallun masana, har sunansa ya kai Jamus. Da kujerar Latin ta Kwalejin Jami'a ta Landan ta zama babu kowa a 1892, ya nema, ya haɗa da takardun shaida daga manyan masana 17, kuma bai ɓoye cewa ya faɗi jarrabawar Oxford ba.

To mene ne ainihin aikin nasa? Mutane kan ɗauka farfesan adabi yana zama ne ya yi bayanin daɗin waƙa. Housman ya ƙi wannan, yana ganin ba aikin malamin jami'a ba ne. Fanninsa shi ne abin da malamanmu na zaure ke kira tahƙiƙi, wato tantance ainihin abin da marubuci ya rubuta daga cikin kwafe-kwafen hannu da suka saɓa wa juna. Mutumin Bauchi bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Garin da almajirin Shehu, Malam Yakubu, ya kafa, har gobe akwai gidajen da ke ajiye da gafakar waƙoƙin ajami da littattafan fiƙihu da kakanni suka kwafa da alƙalamin kara. Ka ɗauko kwafi 2 na waƙa ɗaya daga gida 2 ka jera, za ka ga saɓani. A rubutunmu na Warshu, ɗigon fa a ƙasa yake, na ƙaf a sama, saboda haka ɗigo ɗaya ya kauce wurinsa, "fari" ya koma "ƙari". Mai kwafi yana gyangyaɗi, idonsa ya tsallaka daga wata kalma zuwa irinta a layin gaba, ɗango guda ya ɓace. Wani malami ya rubuta sharhi a gefen shafi, almajirin da ya kwafa bayansa ya zaci matani ne ya cusa shi ciki. Mafi sharri shi ne mai kwafin da ke da ɗan ilimi: ya ga kalmar da bai gane ba, ya "gyara" ta zuwa wadda ya sani, ya shafe sawun kuskuren gaba ɗaya.

Haka littattafan Latin suka iso, sai dai tazarar ta fi tsawo. Tsakanin wasu mawaƙan Rum da kwafi mafi tsufa na aikinsu da ya rage akwai kusan shekara 1000, kwafi bisa kwafi, a hannun 'yan zuhudun coci waɗanda wasunsu Latin ɗinsu bai nuna ba. Mai tahƙiƙi yana jera kwafe-kwafen, ya gano wanne aka ɗauko daga wanne, sannan a kowane wurin saɓani ya auna da nahawu, da karin waƙa, da salon marubucin, da irin kuskuren da hannu ke saurin yi. Inda duk kwafin suka lalace, sai ya kawo hasashen abin da ya kamata ya kasance. Nan Housman ya yi fice, nan kuma ya yi faɗa. A zamaninsa akwai masu ɗaukar kwafi ɗaya su ce shi ne mafi inganci, su bi shi ido rufe, har su ƙirƙiro wa shirme ma'ana don kada su taɓa shi. Shi kuwa ya ce mafi ingancin kwafi ma ɗan Adam ne ya rubuta, dole a yi tunani a kowane layi. A wata lacca ta 1921 ya kwatanta mai wannan aiki da kare mai neman ƙuma a jikinsa, wanda lissafi ba zai kama masa ko ɗaya ba, ya kuma ce sharaɗin farko shi ne mutum ya kasance kai ne a kafaɗarsa ba kabewa ba. Bakinsa ya yi ƙaurin suna. Ƙanensa Laurence ya ce ya tarar da shafukan da ya tara baƙaƙen maganganu a ajiye, suna jiran wanda za a jefa da su.

Babban aikinsa shi ne tahƙiƙin Manilius, wani mawaƙin Rum na ƙarni na 1 da ya tsara ilimin taurari da duba a waƙe, juzu'i 5. Housman ya fitar da na farko a 1903, na ƙarshe a 1930, da kuɗin aljihunsa. Ya yi tahƙiƙin wasu mawaƙan Rum 2, Juvenal a 1905, Lucan a 1926. Mutane da yawa sun yi mamakin yadda mai kunnen waƙa irin nasa ya ƙarar da shekara kusan 30 kan mawaƙin da ba ya cikin na gaba-gaba, mai lissafin buruji da baiti. Amsa ɗaya ita ce matanin ya lalace sosai, kuma manyan magabata irin su Scaliger da Bentley sun gwada ƙarfinsu a kansa, wanda duk ke son ya tsaya sahunsu nan ne fage. Ni ina ganin akwai ta biyu: Manilius ba ya taɓa zuciya, mutum zai iya wuni a kansa ba tare da an fama masa ciwo ba. Duk da haka, ka buɗe juzu'in farko, sadaukarwar ga Jackson take, da waƙar Latin da Housman ya tsara da kansa, a samanta kuma ya kira shi abokinsa mai raina irin wannan karatu.

Sai waƙoƙin Turancin. Don a gane siffarsu dole a dubi dokar Ingila ta lokacin. An daina hukuncin kisa kan luwaɗi a 1861, amma a 1885, shekarar da Housman ya bar gidan su Jackson, majalisa ta ƙara wani sashe da ya sa duk wata mu'amalar jinsi tsakanin maza, ko a ɓoye, ta zama laifin ɗaurin da zai kai shekara 2 da aiki mai tsanani. Da wannan sashe aka ɗaure marubucin wasan kwaikwayo Oscar Wilde a watan Mayun 1895, ana tsakiyar yayinsa a gidajen wasan kwaikwayo na Landan. Housman ya faɗa da kansa cewa a watannin farko na 1895 ne waƙa ta riƙa zubo masa ba ƙaƙƙautawa. A watan Agustan shekarar wani matashi ɗalibin makarantar soja ta Woolwich ya kashe kansa, ya bar wasiƙar da jaridu suka buga, wadda ke nuni ga irin wannan hali da tsoron kada ya ja wasu. Housman ya yanke labarin daga jarida ya adana shi a cikin kwafinsa na A Shropshire Lad, daidai shafin waƙar da ya yi a kai.

Littafin ya fito a 1896, waƙoƙi 63, kwafi 500, shi ya biya kuɗin bugawa. Babu farfesa a ciki, babu Landan sai jefi-jefi. Samarin ƙauye ne, manoma da sojoji, wani an rataye shi, wani ya tafi yaƙi bai dawo ba, wani yana son wanda ba ya son sa. Yankin Shropshire ma ba garinsu ba ne, tsaunukansa yake hangowa a yammacin garinsu yana yaro. Har ya sa wa wata coci doguwar hasumiya a waƙa alhali ba ta da ita, kuma da aka nuna masa bai canza ba. Mutumin da zai yi wa masani tsirara a bainar jama'a saboda harafi ɗaya! Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙauyen ba shi ne zancen ba. Jirwaye ne mai kama da wanka, kuma mu da muka tashi cikin habaici da zambo mun san yadda mawaƙi ke faɗin magana a gaban kowa, wanda aka yi dominsa kaɗai ya ji. Sa'adu Zungur ya iya fitowa fili ya kira abin da yake suka da sunansa, don abin da yake tsoro bai wuce fushin masu mulki ba, kuma yana da jama'ar da za ta tsaya masa. Wanda abin da ke cinsa zai kai shi kurkuku, kuma babu mai tsaya masa, sai ya ari bakin wani.

Abin da ya taimaki ɓoyon shi ne Ingila ta wancan zamani ta saba da zazzafar abota tsakanin maza. Mawaƙi Tennyson ya yi doguwar waƙar makoki ga amininsa, Sarauniya Victoria da kanta tana karantawa. Mu ma nan aminai kan riƙe hannu su ratsa kasuwar Wunti, ba wanda zai kawo komai a ransa, kuma daidai ne kada ya kawo. Saboda haka mai karatun 1896 ya ga abota da kishin ƙasa da baƙin cikin mutuwar samari. Da yaƙin Afirka ta Kudu ya ɓarke a 1899, inda ƙanen Housman, Herbert, ya mutu a 1901, kasuwar littafin ta buɗe, yaƙin duniya na 1914 kuma ya kai shi ko'ina. Housman ya daɗe yana ƙin karɓar ladan bugawa don littafin ya yi araha. Marubuci George Orwell ya ce yana ɗan shekara 17 ya haddace shi kusan duka.

Wannan ya sa bai halatta a ɗauki waƙar abota kawai a yanke wa mawaƙi hukunci da ita ba, kuma malamin da ke yin haka a aji yana koya wa yara mugun zato ne da sunan nazari. Hujjar Housman daga wajen littafin ta zo. Akwai littafin yau da kullum da na ambata. Akwai waƙoƙin da ya ƙi bugawa yana raye, ƙanensa ya fitar a 1936 da 1937: ɗaya tana cewa ya so wani fiye da yadda ya dace namiji ya furta, abin ya dami wancan, sai ya yi alkawarin binne zancen; wata kuma, wadda ya yi a kan shari'ar Wilde, tana ba da labarin saurayin da aka sa wa ankwa saboda launin gashin kansa. Akwai kuma bayanin Laurence, wanda ya rubuta dangantakar a fili ya damƙa wa gidan tarihin Birtaniya a 1942 da sharaɗin a jira shekara 25. An buga shi a 1967, shekarar da Ingila ta cire mu'amalar jinsi a ɓoye tsakanin baligan maza daga jerin laifuka.

Na san inda nake rubutu. Masallaci da coci a Bauchi bakinsu ɗaya kan haramcin luwaɗi, jihar tana aiki da dokokin shari'ar Musulunci tun 2001, ga dokar tarayya da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi. Wannan ya sa malami ke jin nauyin buɗe bakinsa a aji, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da waƙoƙin Jahiliyya, da giyarsu da gumakansu da neman matansu, don a san Larabci, ba wanda ya ce sun yi ridda. Sanin abin da ya sa mutum ya rubuta abu daban ne da yarda da shi. Ɗalibin digiri da aka ce ya yi sharhin waƙar rabuwa, aka ɓoye masa wa aka rabu da shi da dokar da ta hana a faɗa, zai rubuta "jigon mutuwa" ya ci makinsa, amma ba zai iya bayanin dalilin da ya sa baitocin suke gajeru, a ɗaure tamau, kullum suna tsayawa dab da inda ake jiran su fashe ba. Wannan kamewar ita ce salon Housman gaba ɗaya.

Jackson ya bar Indiya a 1911 ya koma noma a yammacin Kanada, da rancen da Housman ya ba shi, gonar kuma ba ta yi albarka ba. Da labari ya zo cewa ciwon daji ya kama shi, Housman, wanda ya yi shekara 26 bai fitar da littafin waƙa ba, ya yi sauri ya haɗa waƙoƙi 41 ya buga a Oktoban 1922 da sunan Last Poems, don su riske shi da rai. Sun riske shi. Ya rasu a Janairun 1923. Housman ya ci gaba da tallafa wa karatun likitancin ɗaya daga cikin 'ya'yan Jackson, Gerald, wanda Housman ne ubansa na baftisma.

A Cambridge an san shi da shiru da tsare gida, ba ya sakin fuska ga ɗalibai, ya ƙi karɓar digirorin girmamawa da dama, har lambar girma ta Sarkin Ingila ya mayar a 1929. Sau ƙalilan murfin ya ɗaga. Wata ɗaliba ta ba da labarin wata rana a 1914 da ya gama feɗe nahawun wata waƙar Horace, sai ya ce yana so a dube ta a matsayin waƙa kawai, ya karanta ta da Latin da fassararsa, ya ce ita ce mafi kyau a duk tsohon adabi, ya fice da sauri. A laccarsa ta 1933 kan waƙa kuma ya ce ba da ƙwaƙwalwa yake gane ta ba, da jiki ne: idan yana aski baiti ya faɗo masa, tsigar jikinsa kan tashi har reza ta ƙi ci. Masu sabon salon nazari a Cambridge sun ji haushin laccar ƙwarai, suna ganin ta mayar da su baya.

Ya mutu ranar 30 ga Afrilu, 1936, aka binne tokarsa a jikin cocin Ludlow a Shropshire. A wasiyyarsa ya ba Laurence izinin buga waƙoƙin da suka kammala kuma ba su gaza na baya ba, ya ƙone saura. Laurence ya bi rabi ya bar rabi: ya yayyanka littattafan rubutun, ya goge wasu layuka, ya manna guntaye a kan wasu takardu, abin da ya rage ya ƙare a ɗakin karatu na majalisar Amurka a Washington. Bugun da ya yi kuma ya fito da kurakuran karatu, don ba ko'ina ya gane rubutun yayansa ba. Sai da masana suka ɓamɓare guntayen, suka bi sawun fensir da aka goge, suka yi wa waƙoƙin Housman irin aikin da ya yi wa Manilius, kafin wani masani, Archie Burnett, ya fitar da ingantaccen bugu a Oxford a 1997.